Gasar Mutum-mutumi: Inda Ashar Ɗaya Ke Iya Rushe Wahalar Wata Biyu

A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna FIRST da ke shirya wa 'yan makaranta gasar ƙera mutum-mutumi, abin nan da yaranmu ke kira robot. Kowace shekara tana fitar da kundin dokoki mai shafi sama da 100. Yawancinsa maganar ƙarfe ce da waya: nauyin da na'ura ba za ta wuce ba, irin batirin da za a sa mata, iyakar inda hannunta zai miƙa. A cikin waɗannan dokoki akwai wadda ba ruwanta da ƙarfe, dokar baki ce. Ta wajabta wa duk wanda ya shigo wurin gasa, yaro ne ko babba, ya mutunta kowa. Wanda ya zagi wani, ko ya daka masa tsawa cikin fushi, ko ya yi masa barazana, ana iya fitar da shi daga filin.

Wani zai ce, mu da ke neman abinci a Kumasi da Ankaran Gana da Yawunde da Injamena, ina ruwanmu da dokar Amurkawa? To ai abin ya iso ƙofar gidanmu ta hannun 'ya'yanmu. A nan Gana, inda nake sayar da kayan gyaran babur shekara sama da 20, wani injiniya ɗan ƙasar mai aiki da hukumar NASA, Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, ya kafa gidauniyar koya wa yara wannan fasaha tun 2011. A 2019 'yan matan makarantar Methodist Girls ta garin Mamfe suka je jihar Michigan suka ciwo kambun duniya na gasar Robofest. A Dakar, Dakta Sidy Ndao ya assasa gasar da ke tara yaran ƙasashen Afirka. Sannan tun 2017 ake yin FIRST Global, wadda kowace ƙasa ke tura tawaga guda, kuma a karon farko a Washington ƙasashe sama da 150 ne suka hallara. Yaran zango suna zaune a azuzuwan da ake ɗiban irin waɗannan ɗalibai. Yau ko gobe ɗanka zai kawo maka takardar izini ka sa hannu.

Kowace gasa da nata kundin. Na FIRST zan ɗauka misali, don shi muka bi ni da 'yata, tana karantawa tana warware mini inda Turancin ya yi tsauri.

Yadda wasan yake

Da farko a cire tunanin wani abu mai kai da ƙafa irin na mutum. Na'urar babbar gasar ta fi kama da ƙaramin amalanke mai tayoyi da hannun ƙarfe, kuma nauyinta kan kai buhun siminti har ya ɗara. Wani maƙirƙiri mai suna Dean Kamen ne ya kafa ƙungiyar a 1989. Gasar farko an yi ta a 1992 a ɗakin wasanni na wata sakandare a jihar New Hampshire, da tawaga 28 kacal. Yanzu tawagogin sun kai dubbai.

A farkon watan Janairu ake sanar da wasan shekarar: wata shekara jefa ƙwallo a raga, wata shekara jera kaya a kan maratayi, wata kuma na'urar ta ɗare kan sarƙa ko sanda. Daga nan yara su shiga aiki, su zana, su yanka ƙarfe, su haɗa wayoyi, su rubuta umarnin da kwamfuta za ta bi. Shekaru da dama a baya, kimanin mako shida aka riƙa ba su. Ga karatu, ga wannan aiki, barci sai dai a sata.

Shi kuwa wasan kansa kimanin minti biyu da rabi ne. A 'yan daƙiƙoƙin farko na'ura ce ke tuƙa kanta, sauran lokacin yara ke sarrafa ta daga bayan gilashi. To ku auna: wata biyu ana wahala, ranar gasa waya ɗaya ta zare ko noti ɗaya ya kwance, na'ura ta tsaya cak a tsakiyar fili jama'a na kallo. Duk wanda babur ya taɓa mace wa a tsakiyar titi da kaya a baya ya san kalmar da ke fara zuwa baki. Masu shirya gasar ma sun sani, shi ya sa suka rubuta dokar.

Abokin karawa da safe, abokin tafiya da azahar

Abin da ya fi burge ni shi ne, tun kafin a zo ga hukunci, tsarin wasan da kansa ya sa zagi ya zama asara. Tawaga ba ta shiga fili ita kaɗai. Uku ake haɗawa su zama ɓangaren ja, uku su zama ɓangaren shuɗi. A zagayen share fage kwamfuta ce ke haɗa su, ba ta tambayar wa ke shiri da wa. Wanda ka kara da shi da hantsi, kafin azahar kuna iya zama gefe guda, makinka na hannunsa, nasa na hannunka.

In an gama share fage, tawagogi takwas da suka fi matsayi su ne ke zaɓar abokan tafiyarsu zuwa zagayen ƙarshe, a gaban kowa. Kafin nan sun baza yaransu a kan benci suna rubuta yadda kowace na'ura ke aiki. Su kuma matuƙa, da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da tawagogi iri-iri, sun san wa ke sauraron shawara, wa ke hargowa in abu ya ɓaci. In na'urori biyu sun yi kunnen doki, ba sai na faɗa muku wadda za a ɗauka ba.

A bayan fili akwai wurin gyara, kowace tawaga da 'yar rumfarta, a jere kamar rumfunan kasuwa. Can za ka ji ana shela a lasifika cewa tawaga kaza na neman inji ko sarƙa, sai ka ga yaron wata rumfa ya ɗauko nasu ya kai, alhali wataƙila da su za su kara nan da awa ɗaya.

Wannan ɗabi'a tana da suna a wurinsu, Gracious Professionalism, wato ka iya aikinka ka kuma riƙe mutuncin mutane. Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT, wanda ya rasu a 2019, shi ya raɗa mata sunan. Ma'aunin da yake ba yara shi ne su yi gasa iya ƙarfinsu, amma ta yadda kakarsu za ta yi alfahari da su in tana kallo. Da na ji haka sai da na yi dariya, don a wurinmu kaka abokiyar wasa ce, jika na tsokanarta tana ramawa. In ni ne, cewa zan yi wa yaro ya ɗauka gwaggonsa ce ke zaune a benci na gaba, ko malaminsa na allo. Nan take zai gane.

Mu fatake wannan ba baƙon karatu ba ne. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, suka sauka Salaga, ba takardar banki suka riƙe ba. Maigidan da ka sauka wurinsa shi ke tsaya maka, dillali ya haɗa ka da mai saye, a ba ka kaya bashi saboda sunanka. Har gobe haka muke. Mutumin da kuka yi ja-in-ja kan mai saye da safe, shi za ka bar wa shago in an kira ka makarantar yaro. Wanda bakinsa ba linzami, a hankali za ka ga an daina kiransa in kaya masu arha sun sauka.

Abin da dokar ta tanada

Ga ɗanyen magana da rashin ladabi na yau da kullum, babban alƙalin wasa yakan fara da gargaɗi na baki. In an sake, ya ɗaga katin rawaya, kamar a ƙwallon ƙafa. Rawaya biyu sun zama ja, ja kuwa yana nufin an soke tawagar a wannan wasan, ta tashi ba maki. Inda abin ya fi zafi shi ne zagayen ƙarshe: a can kati ba na tawaga ɗaya ba ne, ɓangaren gaba ɗaya yake hawa. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. Yaran wasu makarantu biyu, da ba su ce uffan ba, su kwashi hukuncin bakin wani.

Kundin ya jera halayen da ya ɗauka mafi muni, waɗanda kan jawo a fitar da mutum: jifa, barazana, naci da matsa wa wanda aka riga aka yanke wa magana, cin zali, cin mutunci, zagin wani, da yi wa mutum ihu cikin fushi. Abu biyu na lura da su a nan. Na farko, sun bambanta wanda ya dubi mutum ya zage shi da wanda ashar ta kuɓuce masa ƙasa-ƙasa yana jin haushin kansa. Na biyu, misalin cin mutuncin da suka kawo babu ashar a cikinsa ko ɗaya: ka ce wa yaro bai cancanci zama cikin matuƙa ba. Ashe sun san abin da muka sani, cewa baƙar magana da gatse da habaici kan yi raunin da ashar ba ta yi.

Akwai kuma hanyar kai kuka. In tawaga na ganin an danne mata maki, akwai wurin da aka shata a gefen fili inda ɗalibi zai je ya tsaya ya jira babban alƙali ya saurare shi. Ɗalibin ne mai magana. Alƙali ba ya duba bidiyon da wani ya ɗauka a waya, kuma abin da ya yanke ya zauna. Su alƙalan nan 'yan sa-kai ne, ba albashi ake biyansu ba.

A gasar ƙanana, ta FIRST LEGO League, abin ya ma fi haka. Kashi huɗu ake auna tawaga da su, nauyinsu ɗaya, kuma ɗaya daga ciki halayya ce da zaman tare. Alƙalin da ke kan tebur yana rubuta yadda yara suka nuna ladabi a kowane wasa. Gasar VEX ita ma, dokarta ta farko a jerin manyan dokoki ita ce a girmama kowa.

Abin da na gani da idona

Bara 'yata ta uku ta shiga wata 'yar gasa tsakanin makarantu, irin ta ƙananan na'urori da ake yi a kan tebur. Muka je da wani abokin kasuwancina, Alhaji ne mai mutunci a unguwa, ɗansa na cikin tawagar wata makarantar. A wasa na biyu na'urar yaron ta tura kaya ya tsaya a kan layi. Alƙaliyar, wata ɗaliba 'yar jami'a, ta duba ta ce bai shiga ba. Kafin yaron ya buɗe baki, Alhaji ya miƙe daga kujera ya auna mata ashar da Hausa, ya haɗa da daƙuwa.

Na kamo hannun rigarsa na ce, "Alhaji, don girman Allah zauna, yara na kallo."

Ya ce, "Haba Malam, haƙƙin yaro fa nake nema. Kuma ai ba ta ji ba."

Ta ji. A Kumasi wa zai rantse cewa na kusa da shi ba ya jin Hausa? Ko da ba ta ji kalmar ba, fuska da hannu ba sa bukatar tafinta. Masu shirya taron suka zo cikin lalama suka roƙe shi ya koma waje. Yaron ya sunkuyar da kai, daga baya ya je shi kaɗai ya ba alƙaliyar haƙuri. Da rana batirinsu ya yi sanyi, kunya ta hana shi zaga tebura neman aro, har sai da wata yarinya ta lura ta kai masa nasu. A mota 'yata ta ce mini, "Baba, ba makin ne ya sa shi kuka ba. Cewa ya yi yanzu kowa ya san shi da ɗan mai zagi." Mun saba cewa ɗan kuka ke ja wa uwarsa jifa. Ran nan uba ne ya ja wa ɗansa.

Zagi da harshen aro

Akwai matsalar da ta fi shafar 'ya'yanmu na ci-rani. Yaron zango ya tashi da harshe uku ko huɗu: Hausa a gida, Turanci ko Faransanci a makaranta, Tuwi ko Fulatanci ko Larabcin Cadi a titi. Na lura nauyin zagi a kunnen yaro yana ga harshen da aka raine shi da shi. Yaron da ba zai taɓa ambaton uwar wani da Hausa a gaban babansa ba, sai ka ji ya saki ƙazamar kalmar Turanci da ya tsinta a fim ko wasan waya, ko a jikinsa. Shi a wurinsa ado ne na magana. A kunnen mai harshen kuwa, ashar ce cikakkiya. Mu iyaye da yawa ba mu san ma'anar ba, balle mu tsawata.

Hannu ma yana da nasa yaren. Ba'amurke in ya ji daɗi yakan ɗaga tafin hannu a buɗe don ku tafa, yaronmu da bai sani ba yana iya ɗauka daƙuwa aka yi masa. A ƙasar Girka kuwa, inda aka yi FIRST Global ta 2024, watsa wa mutum yatsu biyar zagi ne kamar yadda yake a wurinmu. Haka wasan taubasai da barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari: mu mun san wasa ne mai tarihi, amma baƙon da ya ga yaro na ce wa ɗan uwansa bawansa ne, ba zai tsaya neman bayani ba. Kowane wasa da dandalinsa.

Masu cewa an tsananta

Na tattauna da wani makaniki, cikin masu sayen kaya a wurina, ya ce duk wannan iyayi ne. In ji shi, a gareji da zagi aka koya musu aiki kuma ga shi sun iya, sannan injiniyoyin gaske ma in inji ya ƙi tashi ba waƙa suke rera masa ba. Ya ce yaron da ya zagi ƙarfe wa ya yi wa laifi?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma kamar yadda na faɗa, dokar ma ba ta haɗa su a kwando ɗaya ba. Amma ina da ja a wuri biyu. Na ɗaya, wurin gasa ba gareji ba ne. Akwai ƙannen yara 'yan shekara shida da bakwai da aka kawo kallo, akwai masu ba da kyaututtuka da ke zaga rumfuna suna tambayoyi, akwai masu ɗaukar nauyin tawagogi, sau da yawa kuma ana watsa wasan kai tsaye ta intanet. Na biyu, harshe ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Bakin da ya saba zagin noti, ran da rai ya ɓaci sosai, wanda ya ɗaura notin zai juya wa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma yaron da ya ɗaura notin shi ma ya sani.

Game da gareji kuwa, makanikin yana ƙirga waɗanda suka jure ne. Ni da ke kai musu kaya na san yara nawa masu kaifin kai da suka gudu a wata na uku, suka koma tura baro. A tawagar makaranta ma wanda ake fara rasawa shi ne ƙarami, da mai kunya, da 'ya mace wadda da ƙyar aka shawo kan iyayenta suka bar ta. Ashar ɗaya ta isa ta kai labari gida, uwarta ta ce daga yau an gama.

Abin da ya rage namu

'Yan uwana iyaye, ba sai mun iya haɗa waya ba kafin mu taimaki yaranmu a wannan fage. In yaro ya kawo takardar gasa, ka ce ya karanto maka sashen halayya na dokokinsu, ya fassara maka. Ka tambaye shi ma'anar kalmomin Turanci ko Faransanci da kake ji yana yawan furtawa in ransa ya ɓaci. In ya kasa faɗa maka da Hausa saboda kunya, to kai da shi kun gane matsayinsu.

Ka ba shi abin faɗa a madadin, don ba a hana baki magana a bar shi fanko. "Kash", "subhanallahi", ko ya ja dogon numfashi ya tambayi abokinsa me za a gyara kafin wasa na gaba. Ka koya masa yadda ake kai kuka wurin babba: sallama, bayani a taƙaice, sauraron amsa, godiya ko da ba a ba shi gaskiya ba. Ka gaya masa in an tashi wasa ya je ya gaisa da waɗanda suka ci shi, in kuma shi ya ci, ban da ihu a fuskar mutane.

In ka bi shi kallo, ka zauna a kujerarka. Tafi da kirari naka ne, gardama da alƙali ba taka ba ce. Ka kuma duba yadda kake yi da yaron shagonka in ya ɓatar da canji, da ɗan dako in ya yar da kaya, da direban da ya kawo kaya a makare. Yaran nan ranar Asabar suna shago tare da mu, kunnensu a buɗe, kuma abin da suka ji a can shi za su tafi da shi Dakar ko Dubai, sanye da riga mai tutar ƙasar da ta karɓe mu baƙunci.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a karatunsu da nemanmu.